Ja Ɗaya Ado Ne

Zuwa ga Sarkin Awo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duwatsunka da madatsar ruwan da kuka ƙi gamawa. Direban motar da ke kai muku kaya ya ce waya ba ta kamawa a can ko an hau tsauni, shi ya sa na koma takarda irin ta zamanin kakanninmu. Su ɗin ne ma suka jawo min, don da kakarka da kakana ba ciki ɗaya suka fito ba, me zai haɗa ni da bawa irinka?

Mahaifiyarka, Gwaggo, tana lafiya gwargwadon hali. Duk Asabar ni nake raka Gwaggo wankin ƙoda, ranar Talata kuma maƙwabciyarta mai ɗinki ce ke tura ta a keken guragu. Kumburin ƙafar ya ɗan sabe. Ta ce in gaya maka ka daina aiko mata da safa, ƙafa biyu Allah ya ba ta.

Aikin da ka koya min amsa tambayoyinsa har na samu, ina kai. Kamfanin gyaran lifta ne, ka sani, ni kuma ina teburin karɓar koke. Ɗakinmu ba taga, mu huɗu ne da wayoyi a kunne, sai wani ƙaton allo a bango. In aka kira aka ce lifta ta lalace, sai in buɗe koke, ya fito a allo kore. In ya kwana ba a gyara ba ya koma rawaya, in ya sake kwana ya zama ja. Manaja kan leƙo da safe, ba ya gaida kowa sai ya gaida allon.

Yanzu haka gidan ya rikice da shiri, wai masu tantancewa za su zo su duba ko mun isa mataki na huɗu. An fenti bango, an saya mana tukwanen fure na roba. Kowa sai maganar balagar kamfani yake yi. Kai da wannan ce sana'arka, don Allah fahimtar da ni, yaya kamfani yake balaga? Gemu yake fitarwa?

Akwai wani abu da Uwar Ɗakinmu, wato babbarmu a teburin koke, ta koya min tun makon farko. In koke ya yi rawaya, ya doshi ja, sai a yi masa wanka. Haka suke kiransa. Akwai wata lifta guda da na yi wa kokenta wanka har hannuna ya saba da lambar. Allonmu kore ne shar, ko ɗigon ja babu, har abin ya fara ba ni tsoro.

Ka ci abinci, ka daina auna lomarka.

Taka,
Farar Kura

*

Zuwa ga Farar Kura,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso ni cikin buhun albasa, har yanzu tana wari. Ina lafiya, sai sanyin dutse da ya kama min ƙugu. Na gode da ɗawainiyar Inna, Allah ya saka. Ki ce mata safar nan ta kimiyya ce, ta sa kawai.

Na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaya ko lafiya. Allo kore shar, ke kuma kina jin tsoro! Ai ba banza muka sa miki Farar Kura ba, ke da kika taɓa gudun inuwar tsintsiya. Da ni ne na samu allo irin naku a nan, da na yi rawa a gaban injiniyoyi. Namu kullum kamar an yanka rago a kai.

Bari in ba ki karatu kyauta. Kamfani kamar yaro yake. A mataki na farko rarrafe yake yi, aiki na tafiya bisa sa'a da kuma wanda ya zo ranar. A na biyu ya fara tatata, abin da ya yi kyau jiya ana iya maimaita shi yau. A na uku an rubuta yadda ake yin komai, ko wa ya tafi aiki ba ya tafiya da shi. A na huɗu ana auna komai, ba mai yanke shawara da "ina jin", sai da "ga lamba". Na biyar kuwa ko ni labarinsa nake ji. To ku kuna ƙofar na huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kin san me ya sa na kama wa Inna gida a wannan dogon ginin, har hawa na tara? Sai da na nemi alƙaluman kamfanonin lifta na garin nan kaf, na jera su. Naku ne ya fi kowa saurin gyara. Mai keke ba ta da ƙafa sai lifta, ban yi wasa da wannan lissafin ba.

Zancen wanka kuwa, kowane ofis da irin yarensa, wataƙila gyaran rubutu ne kawai. Ke sabuwa ce, ki bi Uwar Ɗakinki, ki bar kaza cikin gashinta. Lifta ɗaya mai yawan kuka cikin ɗaruruwa ba ta ɓata lissafi.

Naki,
wanda kike kira bawa alhali shi ya samo miki aiki

*

Sarkin Awo,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Gwaggo ma lafiya. Na gama gaisuwar ke nan, don yau ba ni da bakin wasa.

Ka karanta takardata kamar yadda Manaja ke karanta allo, ka ga kore ka wuce. To zauna in warware maka wankan. Koke ya yi rawaya, ba a gyara komai ba. Sai in danna "an kammala", in rufe shi. Nan take in buɗe sabo a kan liftar nan dai, da sabuwar lamba, ya fito kore kamar yau aka haife shi. A allo za ka ga ƙananan matsaloli da yawa, kowacce an magance ta da wuri. A gini kuwa matsala ɗaya ce, tana nan tun kafin in zo. Saurin gyaran da ka jera ka zaɓe mu da shi, wannan ne.

Liftar da nake faɗa maka, birkinta ne ya cinye. Makanikenmu, wani da muke kira Dogo, ya je ya ɗaure ya dawo, ya sake komawa ya ɗaure. Na tare shi a bakin famfo na tambaye shi gaskiya. Sai da ya waiga hagu da dama kafin ya ce, "Ƙanwata, ni ɗauri nake yi, ba gyara ba. Abin nan sai an canja, kuma daga waje ake kawo shi." Na ce to a yi oda mana. Ya ce ofishin saye ba sa sayen kaya mai tsada sai koke ya yi ja, haka dokar take a rubuce. In kuma ya yi ja, dole a kulle liftar har kayan su iso, makonni ke nan. Wa zai bar ja ya fito ana saura kwanaki baƙi su zo? Dogo yana da 'ya'ya, ya ce in manta mun yi magana.

Ban so in gaya maka a takardar farko ba, na yi ta kewaye-kewaye ko za ka tambaya. Liftar Gwaggo ce.

Ranar Asabar ina ciki da ita. Mun taso daga na tara, muna zuwa wajen na shida sai ta saki. Ba faɗuwa ta yi ba, sulalewa ta yi, kamar ƙafa a kan sabulu, sannan ta cafke da wata ƙara. Keken ya buga bango. Na riƙe hannun keken har yatsuna suka yi fari. Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Kullum haka take gaishe ni, kin ga ko ɗan cikina bai kai ta zumuɗi ba." Na yi dariya don kada ta ga fuskata. Da muka fita sai da na zauna a bencin mai gadi.

Ga inda nake, gaba kura baya sayaki. In na ci gaba da wanka, Gwaggo za ta ci gaba da shiga akwatin nan sau huɗu a mako, sauka da hawa. In na bar shi ya yi ja, za a kulle, ita kuma tana hawa na tara, lifta ɗaya ce a ginin, kuma likita ya ce wankin ƙoda ko sau ɗaya kada ta tsallake. Aikina ma zai tafi, amma wallahi ba shi ke hana ni cin abinci ba.

Uwarka ce. Ka faɗa min abin da zan yi, ka ba direban amsa kafin ya juyo.

Farar Kura

*

Sarkin Awo,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Gwaggo tana nan, jiya ta ɗan yi jiri bayan wanki amma ya wuce.

Mota ba ta zo ba, takarda ba ta zo ba. Na je ofishin masu motar na cikin gari, wani mai hula a tebur ya ce shi bai san komai ba. Wannan zan bar masa ita ko Allah zai sa. Na yi ta juya shirun nan a raina. Ko fushi ka yi don na ce lissafinka ne ya kai ta can? Ban faɗa don in ɗora maka ba. Ko kana ganin tsorona ne na kullum? Ko kuwa kana jin kunyar ka ce min in ci gaba, shi ya sa ka bar ni in gane da kaina? Shiru ma magana ce, amma ni ban iya karanta taka ba.

Tun takardar can na sake yi wa koken wanka da hannuna. Uwar Ɗaki tana tsaye a kaina da kofin shayi, ta ce, "Yi maza, 'yar gari, rawaya ba ta yi wa ɗakin nan kyau." Ba muguwa ba ce, ka sani, ita ta ba ni rigar sanyi da na yi mura. Ta ce ita ma haka ta tarar ana yi.

Na gwada fitar da Gwaggo. Na tambayi asibiti ko za su kwantar da ita na ɗan lokaci, suka ce gado na waɗanda ba sa iya zama ne. Ɗakina ka san shi, mu uku ne a ciki, keke ba ya shiga ƙofar. Duk da haka na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni tana gyara ɗankwali, sannan ta ce, "Ɗana ne ya zaɓa min gidan nan, kuma shi ba ya yin abu da ka. In ya ce in tashi, in tashi. Ke kuwa tun kina goye kike firgita." Ka ji. Da kai da lambobinka ta dogara, ni ba ta ji tawa.

Yanzu duk wayar da ta yi ƙara a teburina sai gabana ya faɗi. Ina duba lambar ginin kafin in yi sallama. Ranar Talata ban iya zama ba, na ce cikina ke ciwo, na je na tsaya a ƙasan ginin ina kallon fitilar da ke nuna hawa tana saukowa, tara, takwas, bakwai, har ƙofa ta buɗe mai ɗinki ta turo ta. Na ɓuya bayan ginshiƙi don kada su gan ni.

Baƙin ranar Litinin za su zo. Koken da ke buɗe yanzu, ranar da tsakar rana zai yi ja. Ka yi magana.

Farar Kura

*

'Yar'uwata,

Salam. Ruwa ne ya cinye hanya, gada ta tafi, mota ba ta shiga ba ta fita. Takardunki biyu yau suka iso tare, wani mai babur ya ratso da su ta daji, shi zan ba wannan. A tsaye nake rubutu.

Ban yi fushi ba. Ki yafe min dariyar da na yi miki. Na karanta zancen sulalewar nan, na fita bayan ɗakin ajiya na yi amai. Ni da nake koya wa mutane cewa lamba ita ce ido, ashe idon da na duba wa uwata gida da shi fenti ne.

Ki saurare ni. Ki sake yi wa koken wankan nan sau ɗaya tak. Na san abin da nake roƙonki. Amma liftar ta daɗe tana sulalewa tana cafkewa, wataƙila ta ƙara mako. Wankin ƙoda kuwa ba wataƙila a cikinsa, na ga yadda ta koma lokacin da injin asibitin ya lalace, fuskarta ta kumbura har ba ta gane ni ba. Zuciyarta ba za ta ɗauki a yi ta jijjiga ta a matakala ba. Na auna biyun, wannan ya fi sauƙi. Na san aunawa ce ta kawo mu nan, amma ban san wata hanyar tunani ba.

Na nemi izini, da an gyara gada zan taho, in nema mata ɗaki a ƙasa, ni zan ce ta tashi kuma za ta tashi. Daga nan ki bar shi ya yi ja har ya ƙone. Kafin nan kada ki yi komai. Don Allah kada ki yi komai.

Ɗan'uwanki

*

Ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Gwaggo tana da rai, tana lafiya, tana ɗakinta. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Takardarka ranar Laraba ta same ni. Aikin gama ya riga ya gama tun Litinin.

Baƙin su biyu ne, wani dattijo mai yawan tari da wata mata mai tabarau. Manaja ya sa sabuwar riga, yana zagayawa da su kamar mai nuna gidan amarya. Suka shigo ɗakinmu daf da azahar. Allon kore, sai ɗigon rawaya guda a can ƙasa. Uwar Ɗaki ta sunkuyo kamar za ta gyara min waya, ta raɗa min, "Wanka, yanzu." Ban yi niyyar jarumta ba, kada ka ɗauka haka. Tsoro biyu ne suka kama ni, ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Na tuna ƙarar nan ta hawa na shida. Sai na cusa hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu, don na san in na bar su za su yi abin da suka saba. Ta taka min ƙafa, ban motsa ba. Allon ya yi tsuwa, ɗigon ya koma ja.

Sai matar ta cire tabarau ta ce, "Madalla. Tun safe nake neman ja. Allon da ba ja ko ɗaya, ko makaho ne ko maƙaryaci." Ka ga Manaja kuwa? Kafin ta mayar da tabarau ya riga ya juya. Ya ce ai wannan ita ce tarbiyyar gidan, ba ma ɓoye matsala, ya dafa kujerata yana murmushi. Ina jin zafin hannunsa ta cikin katako.

Da yamma aka kulle liftar. Talata ranar wanki. Na isa da sassafe, na bi ƙofa ƙofa ina roƙo. Mijin mai ɗinki ya fito, da mai gadi, da wani malamin makaranta na hawa na biyar da bai taɓa gaida kowa ba. Keken ba ya juyawa a kwanar matakala, sai muka ɗora ta a kujerar kicin, mai ɗinki ta ɗaure ta da zani ta ƙirji da ƙugu. Maza biyu a gaba, ɗaya a baya, ni ina gefe riƙe da kanta. Gwaggo ta ce, "Yau na zama sarauniya, sai dai bayin nawa ba su ƙoshi ba." Daga hawa na bakwai ta daina wasa. A na huɗu ƙafar mai gadi ta zame, kujerar ta karkata, na ji nauyinta gaba ɗaya a wuyana. Leɓenta ya canja launi, numfashinta ya koma sama-sama. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ta da hannuna, na gudu daga gara na faɗa gidan zago. Muka sauke ta a nan, malamin yana yi mata fifita da littafin ɗalibai, har ta buɗe ido ta ce wa ya ce mu tsaya.

Mun kai ta a kan lokaci. Hawan dawowa ya fi wuya, ba zan ba ka labarinsa ba. Da na karanta takardarka washegari, inda ka ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, sai da na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Da ta iso da wuri da na bi maganarka. Har yanzu ban san wanne cikinmu ne ya yi daidai ba.

Abin mamaki, ranar Alhamis aka buɗe liftar. An gyara. Na shiga ni kaɗai na hau na sauka, na sake hawa, lumui, ko motsi babu. Dogo ya ce makonni, ga shi kwana uku. Ban gan shi ba balle in tambaya.

Taka,
Farar Kura

*

Farar Kura, ko in ce Zakanya,

Wa alaikis salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na karanta layinki na farko na yi sujada a kan tsakuwa. Ki manta da takardata, tsoro ne ya rubuta ta. Ki gaida mai gadi da malamin da mijin mai ɗinki, ki ce ina zuwa in gode musu da bakina.

Kin gani ko? Ma'aunin ba shi da laifi, masu yi masa wanka ne. Ja ya fito, gyara ya biyo baya cikin kwana uku. Ashe suna da kayan a ajiye, gaskiya kawai tsarin yake jira a gaya masa. Wannan shi ne mataki na huɗun da nake faɗa miki, kuma ke kika kai su, ba fentin bango ba.

An kusa gama gada. Tunda hankali ya kwanta zan ƙarasa rahoton wata kafin in taho. Ki ce wa Inna na sayo mata safa.

Bawanki, na yarda yau ɗaya

*

Ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Gwaggo lafiya, ta ce ka haɗa safar ka buɗe shago. Kada ka tsaya rahoto. Ka taho.

Mun samu mataki na huɗu. Takardar shaidar tana bango cikin gilashi, kusa da ita hotona ne, wai gwarzuwar wata. Ranar da aka liƙa, Manaja ya kira ni ofishinsa ya ba ni lemo mai sanyi. Ya ce ya yaba, amma in riƙe wani abu: "Ja ɗaya ado ne. Na biyu kuma, sai mu ce ma'aikaciya ce ba ta iya aiki ba." Yana murmushi ya faɗa.

Jiya na haɗu da Dogo a tashar mota. Ya so ya kauce, na sha gabansa. Na ce ashe kayan suna ajiye. Ya kalli takalminsa ya ce, "Wane kaya?" Ka san ginin da ke fuskantar na Gwaggo, tagwayen nata, wanda ake hango shanyarsu ta tagar kicin? Liftarsu iri ɗaya ce. An ce masa ja ba zai wuce kwana uku a allo ba alhali baƙi suna rubuta rahoto. Sai ya ciro birkin can ya sa wa Gwaggo, ya kai na Gwaggo can ya ɗaure. An zaɓi ginin ne don alƙaluma sun nuna su ba su cika kawo koke ba. Odar sabon kuwa, da koken ya koma kore sai ofishin saye suka soke ta, haka dokar take a rubuce. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na tambaye shi, in na can ya yi ja fa? Ya ce ko dai su yi oda, ko su ce masa ya mayar da kowane birki gidansa kafin kowa ya farga. Ya ce in na tambaye shi wanne ya fi sauri, na san amsa.

Yau da safe wayata ta yi ƙara. Wani tsoho ne daga ginin can, muryarsa a hankali, har yana ba ni haƙuri. Ya ce liftarsu ta ɗan sulale da shi da jikokinsa a hanyar makaranta, wataƙila ba komai ba ne. Ya ce, "'Yata, ba gaggawa, in kin samu hali ki rubuta." Na rubuta. Ya fito kore.

In na yi masa wanka, Gwaggo za ta ci gaba da hawa lumui, hotona ya ci gaba da zama a bango, kuma ban san kowa a ginin can ba. In na bar shi, mai yiwuwa birkin nan ya dawo ƙarƙashin uwarka, ni kuma ba na teburin balle in sani. Na tambayi kaina wa zan gaya wa, sai na tuna matar nan mai tabarau ta bar katinta a teburin Uwar Ɗaki. Na kwafi lambar a tafin hannuna. Ban san ko za ta ɗauka ba, ban san ko masu ba da takardar shaida suna son jin an ce sun yi kuskure ba.

Ba amsa nake nema ba wannan karon, jibi da safe zai yi ja, kafin ma direba ya ɗora kaya. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ka san ni gwanarsa ce. Na je wajen Gwaggo da yamma na gaya mata. Ta daɗe tana kallon shanyar ginin can, rigunan makaranta ne a jere. Ba ta ce na cika firgita ba. Cewa ta yi in kira mata mai gadi da malamin, tana so ta ji ko bayansu ya warke.

Kujerar tana nan bayan ƙofarta. Na ce wa mai ɗinki kada ta kwance zanin.

Taka,
Farar Kura